Naushin da Bai Taɓa Ni Ba

Bari in fara da gyara, don na gaji da jin labarina a bakin waɗanda ba a gabansu aka yi ba. Matan unguwarmu Longsight sun ce Umma ta hana ni komawa Birmingham ne saboda ina sa wando. Ba haka ba ne. Wandon ma ita ta sayo mini a kasuwa, har ta rage masa tsayi da hannunta. Wasu sun ce don maza suna taɓa ni. Babu wanda ya taɓa ni, aikin ma gaba ɗayansa a kan kada a taɓa mutum aka gina shi. Wata kuma ta tsaya a layin mahauci tana ba da labari wai ina zuwa can ne in jibgi Turawa a biya ni. Wannan ta fi ba ni haushi, don da gaskiya ce da na ji daɗi. Tun da na fara ban taɓa dukan kowa ba. Ni ake duka.

Ban gama firamare ba muka zo Manchester. Baba ya samu gurbin karatu a uni ɗin da ke Oxford Road, da ya gama kuma suka riƙe shi yana bincike. Ba zai fito sosai a labarin nan ba, yana lab. Duk abin da ka tambaye shi amsarsa ɗaya ce: me Ummanku ta ce?

A bayan layinmu akwai wani zaure na matasa inda ake koyar da judo, kokawar Japan. Umma ta yarda in shiga saboda malamar mace ce, kyauta ne, kuma zauren ya fi falonmu ɗumi. Ranar farko malamar ta ce a judo ba a koya wa mutum ya kayar da wani sai ya iya faɗuwa shi kansa. Haka muka yi ta zubewa. A faɗi ta baya, a faɗi ta gefe, a mirgina ta kafaɗa, haɓa a manne da ƙirji, tafin hannu ya mari tabarma kafin jiki ya iso. Na iya sosai. Sai aka ce mana mako mai zuwa za a fara koyon kayarwa, kuma a makon ne council, hukumar gari, ta rufe zauren. Shekarun nan ne da kullum sai an rufe wani abu, yau laburare ya rage kwanaki, gobe wurin wasan yara ya sha kwaɗo. Namu ma kwaɗon aka sa, da ban haƙuri a jikin ƙofa. Saboda haka ilimina na faɗan Japan rabi ne, kuma rabin ƙasa.

Ragowar a wajen Yaya na samu, ba da saninsa ba. Yana da gem ɗin faɗa na Japan, wanda mutum biyu suke fuskantar juna a talabijin, kowa da layin ransa a sama yana raguwa. Umma ba ruwanta da Japan, duk wanda ya ɗaga ƙafa ya yi ihu Cainis ne a wajenta. Ranar Asabar ɗalibai 'yan ƙasarmu sukan cika mana falo, su cinye shinkafa, su buga har a fara zagin juna cikin ladabi. Sauran kwanakin Yaya yana bukatar wanda zai yi atisaye a kansa, kuma ni ce a kusa.

"Riƙe nan. Danna duk abin da kika ga dama."

"Yaya, koya min mana."

"Kina koyo ai."

Duk wanda na zaɓa, ƙato ne, mace ce, tsoho ne, ƙarshensa ƙasa. Da na gaji sai na daina kallon na Yaya, na koma kallon nawa. A nan na lura da wani abu. Idan naushi ya zo, kai ne yake fara tafiya, kafaɗa ta bi shi, ƙafa ce ta ƙarshe. Sannan ga ihu. Naushin shi kansa ba wani abu ba ne, hannu ne ya miƙe ya dawo. Wanda aka doka shi yake sa ka ji zafin a cikinka. Wata rana Yaya ya ce ai mutane ne na gaske suke sa wasu matsattsun kaya masu ɗigo-ɗigo, su yi motsin, kwamfuta ta kwafa.

"Har wanda ake duka?"

"Shi ma mutum ne mana."

"Wato aikinsa ke nan? A doke shi?"

"Ke wai me ya dame ki? Danna."

Na shiga ɗaki na sauke katifa ƙasa na fara gwadawa. Kai, kafaɗa, ƙafa. Amma bakina a rufe, kuma dole in yi muku bayanin wannan, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba.

A gidanmu ba a ihu don ciwo. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya faɗa, haka muka tashi muka gani. Na taɓa ganin mai mai zafi ya fallatso wa Umma a wuyan hannu tana suyar doya. Ta kalli wurin, ta juya doyar da ta kusa ƙonewa, sannan ta nufi famfo. Ranar da aka kai ni GP, likitan unguwa, don allura, muna sabon zuwa, na buɗe baki zan kwarara, ta dube ni sau ɗaya, na rufe. Nas ɗin ta manna mini wata takarda mai tauraro a riga wai ni jaruma ce. Ba jarumta ba ce, idon Umma ne. Takan ce mu biyun nan ta haife mu matar gadon kusa da ita ba ta san ana yi ba. A wajensu haka ake gane 'yar gidan mutunci, kuma ta ɗauko abin nan ta kawo shi Ingila tare da tukunyar tuwonta.

Da na gama sakandare, ni da uni muka dubi juna muka haƙura. Na kama aiki a wani shagon abaya da turare a Stockport Road, ina ninke mayafai ina sauraren matan da suke taya kaya ba don za su saya ba. Cikin abokan Yaya akwai mai karatun fim, shi ya ce wasu a Birmingham suna shirya fim ɗin faɗa na intanet, suna neman waɗanda suka iya faɗuwa ba tare da sun karye ba. Na ce wa Umma aikin fim ne, na faɗa, ƙarshen mako kawai. Ta yarda saboda a gidan Anti zan sauka a Erdington. Anti ƙawarta ce tun makarantar 'yan mata a Kaduna, Kirista ce, tana aikin kula da tsofaffi, kuma muryarta ba ta bukatar waya.

"To, ki riƙa sallah a kan lokaci," in ji Umma. "Kuma kada ki karya ɗan mutane."

Da na tsaya na yi tunani a kan maganar nan ta biyu, da na gane abin da take zato. Ni kuma ba na tsayawa.

Wurin wani tsohon sito ne mai sanyi kamar firji, an shimfiɗa katifun roba a tsakiya. Mai tsara faɗan wata gajeriyar Baturiya ce da ta manyanta, tana ɗan ɗingishi, maganarta irin ta Birmingham, wadda ko gaisuwa ce sai ka ji kamar ƙorafi. Malama zan kira ta. Ta tsayar da ni a gabanta, ta ce za ta kawo naushi. Ta kawo, ya wuce ta gaban hancina. Na tsaya ina kallonta. Ta sake kawowa. Na sake tsayawa.

"Me kike jira?"

"Ba ki same ni ba."

"Ba zan taɓa samun ki ba, love. Ranar da na same ki an kore ni."

Sai ta yi mini bayani. Hannu yana wucewa ne da tazarar taƙi guda daga fuska. Kamara tana bayan kafaɗar mai dukan, daga can ba a ganin tazarar, sai a ga kamar ya sauka. Wanda ya tsaya a gefe kuwa zai ga mutum biyu ne kawai suna korar ƙuda. Ta ce ekta hannu kawai yake kaɗawa, ƙarfinsa yana wuyana, in na ga dama in mai da shi zaki, in na ga dama in mai da shi abin dariya.

Wannan ai na sani tun a falonmu. Da ta sake kawowa na saki kai, kafaɗa ta bi, na ɗaga ƙafa na zube, tafin hannuna ya mari katifa. Malama ta leƙo ni daga sama.

"Ya yi. Ina sautin?"

"Wane sauti?"

"An fasa miki baki yanzun nan, ke kuma kin kwanta kamar mai jiran bas."

Faɗuwa ba ta taɓa ba ni wahala ba. Buɗe bakin nan ne ya kusa mai da ni Manchester. Sai in ja numfashi, sai in ji idon Umma a ƙeyata, alhali tana can tana yanka kuɓewa. Daga ƙarshe na tuno mutanena na gem, waɗanda Yaya ya kashe mini ba adadi, ba su taɓa jin kunyar kowa ba. Na ari nasu. Abin da ya fito daga bakina ni kaina ban san ina da shi ba. Tattabarun da ke rufin siton suka tashi. Aka ɗauke ni.

Cikin yaran bos aka sa ni. In mutu da baƙar jaket, in sauya hula a kan ɗankwalina, in dawo a sake kashe ni ta wata ƙofar. Na ji daɗin aikin fiye da yadda zan iya faɗa. A shago ba wanda yake lura ko ina nan ko ba na nan. A nan kuwa in na makara da juya wuya, ekta ne zai zo yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi.

Wata Asabar Anti ta ce za ta zo ta gani. Da yake ba ta zama a baya ko a coci ko a biki, sai ta je ta tsaya daidai bayan mai kamara, ta ɗaga wayarta. Aka ce akshin. Ekta ya kawo naushi, na tashi sama, na kwarara ihu, na zube. Anti ta kira sunan Yesu da ƙarfin da ya sa dole aka sake ɗauka. Da ta tabbatar haƙorana suna nan sai murna ta kama ta, kafin in cire jaket ta tura wa Umma bidiyon, wai ga 'yarki ta zama tauraruwa.

Na dawo gida Lahadi da la'asar. Tuwo da miyar kuka. Umma ta bari har na wanke hannu. Sannan ta ajiye wayarta a tsakiyar tebur.

"Wane ne ya doke ki?"

"Umma, ba dukana ya yi ba."

"Ina da ido."

"Wallahi bai taɓa ni ba. It's acting. Hannunsa ko kusa da fuskata bai zo ba."

Na zaci wannan zai kwantar da magana. Ta gyara zama.

"Bai taɓa ki ba?"

"Ko kaɗan."

"Bai taɓa ki ba kika yi wannan ihun?"

Yaya ya ɗauki kwanonsa ya koma kicin.

"Ni na ɗauka ke za ki yi dukan. Da ke kika kai shi ƙasa, da sai in ce hali ne, a dangin ubanki kika ɗauko. Amma ki je garin mutane, ki kwanta a ƙasa, ki wage baki, a ɗauka a ajiye? Ba za ki koma ba."

Ina da baki, kowa ya sani, amma ban yi haukan da zan hau mota Umma ta ce kada in hau ba. Na koma ninke mayafai. A lokacin ne labarin wando da na maza suka fara yawo, don Umma ba ta yi wa kowa bayani ba, matan kuma ba sa barin rami a buɗe.

Ana nan Malama ta bugo waya. Akwai wani sabon aiki, wannan karon ba cikin taro zan mutu ba, ni kaɗai ce, kamara a kan fuskata. Ta ce in ba ta ji daga gare ni ba kafin mako ya fita, za ta ba wata, kuma ba ta kiran mutum sau uku.

Na je na samu Yaya. A gem ɗin akwai wurin atisaye inda za ka iya sa abokin faɗan ya tsaya ƙiƙam yana karewa, duka ba ya motsa shi. Na ce ya saita haka. Da rana, Umma ta idar da azahar tana zaune a falo da kwandon wanki, na ɗora mata abin dannawar a cinya.

"Me zan yi da wannan?"

"Danna jan nan kawai, Umma."

Ta danna don ta rabu da ni. Mutuminta ya kai naushi, ɗayan ko gezau. Ta sake dannawa. Ta danna da yatsa biyu.

"Abin naku ya lalace."

Yaya ya sauya saitin. Ta danna. Ɗayan ya tashi sama da ihu ya zube can gefe. Umma ta yi dariya, ta gaske, har ta kare baki da mayafi. Ta sake dannawa. Ta bi shi lungu tana dannawa.

"Tashi mana! Kai, wannan Cainis ɗin rago ne."

"Kin gani, Umma? Dukan bai canza ba. Shi ne ya sa kika ji daɗi. Aikina ke nan."

Ta ajiye abin a kan kujera, ta jawo kwandon.

"Na gani. Amma wannan zane ne. Ba shi da uwa."

Yaya ya tuna yana da wani uzuri a masallaci. Na zauna ina huci, ita kuma tana ninke rigunan Baba ɗaya bayan ɗaya. Na shirya maganganu da yawa a kan cewa nan ba Kaduna ba ce, da cewa zamani ya wuce wurin. Kafin in zaɓi wadda zan fara da ita ta yi magana, idonta a kan wuyan riga.

"Tun kina goye rabon da in ji wannan muryar. Kin yi wani zazzaɓi a lokacin. Ban zaci zan sake jin ta ba, sai ga ta a waya."

Ta ɗora rigar a kan 'yan uwanta, ta ce in duba ko an bar wuta a kunne a kicin. Ba a bar ta ba. Na duba dai.

Washegari da safe na tarar da Baba a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi. Bai ɗago ba.

"Ummanku ta kalli abin nan naki har cajin wayar ya ƙare. Ta karɓi tawa ta sa Anti ta sake turo shi."

Ya ɗauki jakarsa ya tafi kama bas.

A shago, da babu kowa, na buɗe bidiyon na kalla da kyau, karo na farko. Ni da nake ciki ban taɓa ganin sa daga nan ba, kullum ina ganin hannun yana wucewa ne da tazararsa. Amma Anti a bayan kamara ta tsaya. Daga wurin da ta tsaya babu wata tazara. Wani ƙaton mutum ne ya sauke wa yarinya naushi a muƙamuƙi, kanta ya juya, ta kira uwarta ba da kalma ba, ta faɗi. Ni da na san komai sai da na taɓa haɓata. Ashe na iya aikin. Kuma duk rantsuwar da na yi wa Umma a kan tebur, ina gaya mata abin da na gani ne, ita kuma tana gaya mini abin da ta gani.

Na buga wa Malama waya na tambaye ta ko ana barin baƙo ya shigo. Ta ce in dai ba irin Anti ba ce. Na ce Ummata ce, ita kuwa ko kasko aka jefa mata ba za ki ji motsinta ba. Na ce amma da sharaɗi, ba a bayan kamara za ta zauna ba, a gefe nake so, daidai inda ake ganin mutum biyu suna korar ƙuda. Ta ce akwai kujera, sai dai ƙafarta ɗaya gajeriya ce.

Da na tashi daga aiki na sayi tikitin mota biyu na safiyar Asabar. Ba zan ce mata ta bar ni in koma ba, zan ce mata ne ta zo ta ga wurin, in ta gani ta sake cewa a'a, na haƙura. Zan zaunar da ita a gefen da kaina, in nuna mata tazarar da tafin hannuna kafin a fara. Ihun kuwa zan yi shi, da duk ƙarfina, don aikina ne. In na zube zan juyo da fuskata wajenta, ta ga babu abin da ya same ni.